Ƙyallen da Malam Ya Farke

Ranar da saƙo ya zo daga Shagari cewa surukina na nan tafe ranar kasuwa, kuma ya ce a tara masa duk abin da nake ɗinkawa wuri ɗaya ya gani, ina tsugune a tsakar gida ina tankaɗen garin dawa. Dariya na soma yi. Ni haka Allah ya yi ni, ko tsoro ne ya kama ni, dariya ce ke riga fitowa. Maigidana ya tsaya a kaina ya ce, "Ki bar dariyag ga. In Malam yac ce a ƙone su, ƙone su za a yi, ke da allura kuma kun rabu ke nan." Nan rariya ta suɓuce mini, gari ya watse, kaji suka samu na banza.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane abin da ya tayar da tsoho daga Shagari har Boɗinga saboda ƙyalle.

Maigidana malamin asibiti ne, ɗan asalin Shagari, aiki ya kawo mu Boɗinga muna zaman haya. Ni 'yar birni ce, na yi firamare, can aka koya mini riƙe allura. Farkon mulkin farar hula ne, kuma ɗan Shagari ke riƙe da ƙasa, don haka garin na Shagari ya yi wani irin tashi. Mutumin da ka sani bara da keke, bana sai ya wuce ka a mota yana latsa oda. Wani ɗan kwangila ya gina gidan siminti a bakin hanya, matarsa ta haihu, Inna, uwar maigidana, ta ja ni muka tafi suna.

Da hantsi aka shigar da mu wani ɗaki cike da mata. Na samu wuri na zauna, aka turo mana masa a faranti. Na miƙa hannu zan ɗauka ke nan, sai na ga hannun nawa ya koma kore shar, tun daga farce har wuyan hannu. Na ƙwalla ihu, "Wayyo Inna, hannuna!" Ɗaki ya kece da dariya. Ashe taga ce. Gilashi ne yanka-yanka, ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa, an raba su da siraran baƙin ƙarfe, rana ta biyo ta ciki ta zube a kanmu. Ga wata tsohuwa can tana taunar goro hankali kwance, rabin fuskarta ja, rabi shuɗi, ita ba ta ma sani ba. Na rasa inda zan sa kaina don daɗi. Na matsa nan in zama ja, na matsa can in zama ɗorawa, ina tattake zannuwan mutane, har Inna ta kai mini mintsini a cinya ta ce, "Ke ɗiyag ga, natsu! Gidan mutane na." Masar nan dai ban ci ba.

Muna komawa Boɗinga na ce wa maigidana ni irin tagar nan nake so. Ya dubi tagarmu ta langa-langa, wadda sai an tokare ta da icce take tsayuwa, ya dube ni, ya ci gaba da cin tuwonsa. To, tunda ba za a saya mini ba, na ce zan ɗinka abata. Na matsa masa har ya riƙa biyawa wajen wani tela a kasuwa yana kwaso mini yankakken ƙyalle, irin wanda ake cusa wa matashi.

Na farkon da na yi, Allah ya kyauta. Ya kanannaɗe kamar fatar da aka manta a rana, launukan kuma suka cakuɗe, ba wanda ya fito. Na zauna ina tuna tagar nan sai na gane baƙin ƙarfen ne ke sa kowane launi ya tsaya da ƙafarsa. Wani tsohon baƙin wando na maigidana ya riga mu gidan gaskiya a ranar. Na yayyanka shi sirara, na riƙa sa baƙi tsakanin ja da kore, tsakanin shuɗi da ɗorawa. Jama'a, sai ga taga a cinyata! Na tashi na taka rawa ni kaɗai a tsakar gida, awakin maƙwabta na kallona ta kan katanga. Daga baya na koyi yi masa baya da tsohon zanen gado, in shimfiɗa auduga siririya a tsakiya, in bi duka da ɗinki don ya yi kauri ya zauna daram. Ƙanana nake yi. Wani tafin hannu, wani ya ɗara haka, babbansu bai wuce faifai ba. Na buga ƙusoshi na rarrataye su a bango.

Maigidana ya ce shi dai bai ga amfaninsu ba, ko ɗan akuya ba za su rufa ba. Na ce masa gashin bakin da yake sharcewa kullum a madubi fa, wa ya taɓa rufa da shi? Bai sake tambayata ba.

Tuwon da na ƙona a shekarun nan saboda ɗinki, da an tara shi da ya ciyar da unguwa. In na ga mace da ɗankwali mai sheƙi, gaisawa muke yi amma idona na kanta, ina auna inda zan yanka. Na san abin ya yi mini yawa, amma ban taɓa jin daɗin wani abu a duniya kamarsa ba, kuma ban ga wanda na cuta ba.

Sai zamani ya juya. Aka ce a tsuke bakin aljihu, ba a jima ba soja suka karɓe mulki. Sabulu da madara sai an bi layi, albashi sai ya ga dama ya zo. Da muka je Shagari gaisuwa na leƙa gidan ɗan kwangilar nan daga cikin mota, na ga wasu gilasan sun fashe an toshe da kwali, har na ji ƙwalla. Mutane suka bar ɗinka sabuwar sutura, tela ya koma faci, ƙyallen da yake zubarwa da ya zama abin ɓoyo. A asibiti kuwa magani ya ƙare, sai kwalabe wayam. Su kam akwai su birjik. Maigidana ya riƙa kawo mini, na wanke na jera a kan katanga, masu ruwan ƙasa da koraye da wasu shuɗɗa masu kyan gaske. Da safe in rana ta buge su sai in tsaya ina kallo da muciya a hannu. Launuka sun cika mini kai, ƙyallen da zan zuba su babu.

Maƙwabciyata 'yar Danchadi ce, mijinta manomin albasa. Tana da 'yar goye da ke fama da haƙori, ga zawo ga kuka ba dare ba rana, maigidana kuma ba shi da abin ba ta sai haƙuri da ruwan gishiri da sukari. Wata rana ta shigo da yarinyar tana tsala ihu, idon yarinyar ya faɗa kan wani ɗan ƙarami ja da kore a bango, ta yi tsit tana kallo. Na ciro na miƙa mata ta riƙa wasa da shi. Uwar ta sa zare ta rataya mata a wuya. Bayan 'yan kwanaki haƙori ya fito, zawo ya tsaya. Haƙori dai da ƙyallena da babu fitowa zai yi, amma je ki gaya wa matan unguwarmu haka.

Ni ko kusa ban taɓa kawo abin a raina ba. Amma ku duba da kyau. Abu ne ƙarami mai kusurwa huɗu, mai kauri, an ɗinke shi ruf ba a ganin cikinsa, an rataya wa yarinya ta warke. A ƙasarmu wannan sunansa laya.

Suka soma shigowa da sallama ƙasa-ƙasa. Ta farko ta durƙusa, abin da ba ta taɓa yi mini ba, ta ce, "Mun ji labari. A taimaka muna da irin na ɗiyar wance."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce, "Wallahi ado na kawai. Ba komi ciki sai auduga."

Ta gyaɗa kai tana lumshe ido. "Mun gane, mun gane. Ba mu hwaɗa ma kowa."

Duk rantsuwar da na yi ƙara musu imani take yi, don a ganinsu mai asiri na gaske ba ya cewa yana da shi. Da na gaji sai na ce, in dai abin ratayawa suke so zan yi musu, amma ba ni da ƙyalle, kowa ta zo da nata. Sai na ga sun dubi juna. Ɗaya ta rage murya ta ce, "Na jikin mai shi?"

Na ce, "Ko na wa, in dai da launi."

Shi ke nan na gama musu bayani. Kowa ya san boka ne ke cewa a kawo ƙyallen jikin mutum, ni kaɗai ce launi ya rufe wa ido ban tuna ba. Ƙyalle ya yi ta ɓarkowa gidana. Wannan ta yanko gefen rigar ɗanta da zai zauna jarrabawa, waccan ta kawo bakin zanen uwarta mai ciwon gwiwa, wata ta farke aljihun wandon mijinta don albasarsa ta yi kasuwa. Har da karan-miski, har da siliki ruwan hoda da ban taɓa taɓa irinsa ba. Na zauna a tsakiyarsu ina juyawa ina shewa, na ɗauka matan Boɗinga ne suka waye da son ado. Kowacce na miƙa wa nata sai na ce ba magani ba ne, ita kuma ta ce ta gane. In sun fita sai in tarar da ƙwai ko albasa a bayan ƙofa. Kwalaben da ke jere a katanga kuwa ba su taimake ni ba ko kaɗan.

A cikin wannan wadata ne na ɗinka wanda na fi so. Girman faifai ne, tagar Shagari ce sak yadda na riƙe ta a kaina. Shi ban sa ƙyallen kowa ba. Jan daga ɗankwalin aurena ne, shuɗin kuma daga zanen mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, wanda shi kaɗai ya rage mini nata. Damina guda na yi a kansa.

Wata mata 'yar Lambara ce ta kai labari Shagari, cikin yabo ma, wai surukar Malam hannunta da albarka, sai dai ka kai mata ƙyallen jikinka. Malam mutum ne mai karantar da manya bayan la'asar, kuma duk garin an san ba abin da ya tsana kamar tsibbu. A ce a gidan ɗansa ake tara suturar mutane? Shi ne ya aiko.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ni da bakin kare kaina. Suruki ne. Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba, ƙafafunsa da takalmansa kawai na sani. Daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. Maigidana kuwa, duk cika bakinsa a asibiti, a gaban ubansa ko tari sai ya nemi izini.

Ranar kasuwa suka sauka a mota shi da Inna. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin rumfa, na jera ɗinkunana a gabansa, na ja baya na durƙusa kusa da Inna, na ja mayafi har hanci. Tsakanina da shi bai fi tsawon taɓarya biyu ba, amma sai ya dubi ɗansa ya ce, "Tambaye ta mi ta ka sawa ciki."

Maigidana ya juyo ya ce wa Inna, "Wai mi ta ka sawa ciki?"

Inna ta zungure ni. Na raɗa mata, "Auduga."

Inna ta ce, "Auduga ta."

Maigidana ya russuna ya ce, "Allah shi gahwarta Malam, wai auduga ta."

Kalma ɗaya ta zagaya tsakar gida kamar ƙwaryar fura. Na ji dariya na taso mini daga ciki, na cusa bakin mayafi a baki na cije.

"Kwalaben ga fa?"

Magana ta sake bin hanyarta ta zo ta koma. "Wai kallonsu ta ka yi."

Malam ya ɗaga kai, ina jin, ya dubi katanga. "Suturar mutane da ta ka amsa fa?"

"Wai tela na yah hana ta ƙyalle."

Kafaɗuna har rawa suke yi, Inna ta ɗauka kuka nake, tana shafa mini baya. Sai na ga hannunsa ya shiga aljihu ya fito da 'yar aska. Hannun ya bi ta kan ƙananan, ya wuce su ɗaya bayan ɗaya. Ina cewa a zuci, ya Allah wancan, ya Allah ko wancan. Ya ɗauki babban.

Ƙarar da askar ta yi har yau tana kunnena. Ya tsaga shi tun daga sama har ƙasa, ta tsakiyar shuɗin. Dariya ta ɗauke mini ɗif. Kuka ya zo mini na gaske, mai zafi, irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata, kuma ba halin in bari a ji. Na ji haushin tsohon nan, na ji haushin maigidana da ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da sata, na ji haushin duk matan Boɗinga da ƙwansu da albasarsu.

Malam ya zaro audugar, ya yayyage ta, ya shinshina, ya kakkaɓe ƙyallen. Takarda yake nema, ko gashi, ko farce. Abin da ya faɗo kan tabarma shi ne ƙwayar angurya guda da ta ɓuya mini a cikin audugar. Ya ɗauke ta da yatsu biyu ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wagga ta asirin?" Wata 'yar dariya ta kufce wa Inna ta hanci, ta mayar da ita tari.

Na jira in ji ya ce a kawo ashana. Maimakon haka sai na ga ya juya ƙyallen, ya kai shi dab da ido, yana bin ɗinkin da babban yatsa. Ya daɗe a haka. Can ya ce, "A ba ni allura da baƙin zare."

Daga baya ne Inna ta gaya mini cewa a ƙuruciyarsa, kamar malamai da yawa na zamaninsu, da ɗinkin manyan riguna ya riƙe gida, har ido ya yi rauni ya bari. Ni a lokacin ban san komai ba. Na dai rarrafa na ajiye allura da zare a bakin tabarma na koma wurina.

Ya lashi bakin zare ya nufi kafar allura, ya kuskure. Ya sake lasa, ya nisanta ta, ya kusanto ta, ya kuskure. Kowa ya kawar da kai don kunya, maigidana ya dage da kallon kaza. Sai Malam ya ajiye allurar da zaren a tabarma, ya tura su da yatsa ɗaya ta wajena, bai dube ni ba. Na sake rarrafawa. Da hawaye da komai, karo ɗaya na zura, na ajiye masa.

Ya mayar da audugar, ya baje ta da tafin hannu, ya haɗa bakin tsagar ya soma ɗinki. Abincin da na dafa musu ya huce a rufe, ba wanda ya isa ya ce a ci. Ina leƙen hannun nan ta ƙasan mayafi. Layin na karkacewa don ido ba ya gani sosai, amma kowane ɗinki ƙanƙane ne kamar ƙwayar riɗi, ban taɓa ganin irinsa ba. Da ya kai ƙarshe ya ƙulla, ya gatsa zaren da haƙori, ya ajiye ƙyallen a kan sauran.

Ya ce wa ɗansa, "Matan ga, ni ka tsayawa masallacinku in hwaɗa ma mazansu ba magani na ba. Ita ko ta bar amsar suturar mutane."

"To, Allah shi gahwarta Malam."

Ya yunƙura ya miƙe, ya kakkaɓe zaren da ya manne masa a riga. Har yanzu bai ce komai game da ni da allura ba. Ya zura ƙafa ɗaya a takalmi, sannan ya ce, kamar abin da ya tuna a hanya, "Kuma ka hwaɗa mata ɗinkinta ya cika hwaɗi. Wanda za ta yi gaba, ta matse shi."

Wanda zan yi gaba!

Maigidana ya juyo wajen Inna ya soma, "Wai Malam yac ce..."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Na ji, Baba."

Inna ta dafe baki. Maigidana ya zaro ido kamar na fasa tulu. Malam ya tsaya da ƙafa ɗaya a takalmi, ɗaya a tabarma, bai waiwayo ba. Sai ya ce, a hankali, ba da ɗansa yake ba, "To, madalla, ɗiyata." Ya sa ɗaya takalmin ya nufi zaure.

Na ruga ɗaki na faɗa kan gado, dariya da kuka suka haɗe mini har na shaƙe, Inna na bubbuga mini baya tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin marar kunya irina ba, ita ma tana share ido. Ranar ko loma ban kai baki ba. Kafin la'asar na yanka baƙin ƙyalle na soma wani, ina matse ɗinkin har yatsana ya huje.